Kafin A Yi Shelar Sabuwar Duniya, A Nemo Shaida Ta Biyu

Da wuya wata guda ya shige ba a ji kafafen yaɗa labarai sun ɗauko labarin cewa masana falaki sun gano wata sabuwar duniya "mai kama da tamu" ba. Akan haɗa labarin da hoto mai ɗaukar ido: ga teku, ga duwatsu, ga wata jar rana tana shirin faɗuwa. Abin da ba a cika gaya wa mai karatu ba shi ne, hoton nan aikin mai zane ne, kuma mafi yawan waɗannan duniyoyi babu mahalukin da ya taɓa ganin su, ko da da madubin hangen nesa mafi girma. Ta hanyar alamu ake gane suna nan, alamun kuwa ƙanana ne ƙwarai, har ta kai an yi shelar wasu duniyoyin da ganga, bayan 'yan shekaru kuma aka dawo aka ce ashe babu su.

A wannan makon ina so mu duba wata fasaha da ta bunƙasa cikin shekaru goman da suka gabata, wato auna motsin ƙananan taurari da hasken da idon ɗan Adam ba ya gani, wanda Turawa ke kira infared, ni kuma zan riƙa kiran sa hasken bayan-ja. Masu tallata wannan fasaha sukan ce koma ce da za ta kamo mana duniyoyi barkatai. Ni a ganina babban amfaninta yana wani wajen. Ita ce shaida ta biyu, wadda ke gaskata maganar ta farko ko ta rushe ta, kuma a fagen da ake auna abin da ido bai gani ba, babu abin da ya kai wannan daraja.

Rangajin da tauraro ke yi

Bari mu faro daga tushe. A makaranta an koya mana cewa duniya ce ke kewaya rana, ita kuwa rana tana tsaye. Maganar da sauranta. Ƙarfin jan da ke tsakaninsu ta ɓangare biyu yake aiki. Ɗauki misalin ƙato da ƙaramin yaro sun riƙe hannun juna suna juyawa: yaron ne ke yin babbar da'ira, amma shi ma ƙaton dole ya ɗan karkata baya yana zaga wuri guda. Haka kowane tauraro mai duniyoyi yake rangaji. Jufita, wadda malaman falaki na da ke kira Mushtari, tana sa ranarmu motsi da gudun mita 12.5 a sakan ɗaya, kimanin kilomita 45 a awa ke nan, gudun Keke Napep a kan titi mai sarari. Duniyarmu kuwa santimita 9 kacal a sakan take iya motsa rana, tafiyar kunkuru.

To, yaya za a auna tafiyar kunkuru a jikin abin da ke nesa da mu da tiriliyoyin kilomita? Amsar tana cikin abin da Christian Doppler, ɗan ƙasar Ostiriya, ya bayyana a 1842. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin titi motar asibiti ta wuce da jiniya ya san cewa ƙarar takan yi siriri lokacin da motar ke tunkaro shi, ta yi kauri da zarar ta wuce. Haske ma haka yake. Masu sauraron rediyo sun san zancen zango, sun san gajeren zango mita 49 da mita 31 da mita 19. Shi ma haske zango gare shi, sai dai nasa gajere ne matuƙa, da nanomita ake auna shi, wato kashi ɗaya cikin biliyan ɗaya na mita. Ido yana ganin abin da ke tsakanin nanomita 400, inda launin shunayya yake, zuwa wajen 700, inda ja yake. Idan tauraro yana matsowa gare mu zangon haskensa ya ɗan taƙaita, idan yana ja da baya ya ɗan miƙe.

Abin da ke ba da damar ganin wannan canji shi ne wasu baƙaƙen layuka. Idan aka warware hasken tauraro ya zama kamar bakan gizo, za a tarar da dubban siraran layuka baƙaƙe a cikinsa, waɗanda Joseph Fraunhofer na Jamus ya fara lissafa su a hasken rana a 1814. Kowane sinadari da ke sararin tauraron, ƙarfe ne ko sodiyam ko wani, yana shanye haske a wasu zanguna nasa na kansa waɗanda ba sa canzawa. Saboda haka idan aka ga layukan nan baki ɗaya sun gusa dama, sun dawo hagu, sun sake gusawa bisa ƙayyadadden lokaci, an san akwai abin da ke jan tauraron. Da wannan dabara Michel Mayor da Didier Queloz na Siwizalan suka gano duniya ta farko da ke kewaya tauraro irin ranarmu, 51 Pegasi b, a 1995, daga wata cibiya a kudancin Faransa. Aikin ya kai su ga lambar yabo ta Nobel a 2019. Zuwa 2025, duniyoyin da aka tabbatar a wajen gidan ranarmu, ta wannan hanya da sauran hanyoyi, sun haura 6,000.

Dalilin komawa ga ƙanana

Duniyar da su Mayor suka gano ƙatuwa ce, tana girgiza tauraronta da gudun da ya haura mita 50 a sakan. Neman irin tamu a gefen tauraro irin ranarmu kuwa yana buƙatar na'urar da za ta ji santimita 9, sannan a yi shekaru ana jira, tun da zagaye ɗaya shekara guda ne, kuma zagaye ɗaya ba ya isa hujja. A nan ne masana suka juya ga ƙananan taurari, waɗanda ake kira jajayen wadanni.

Taurarin da muka sani da ido, irin su Kaza da 'Ya'yanta, manya ne masu tsananin zafi. Amma a cikin babban garken taurarin da ranarmu take ciki, kusan uku cikin kowane huɗu jajayen wadanni ne, kuma saboda dishi-dishinsu babu ko ɗaya da ido zai tsinkayo cikin sauƙi, har da Proxima Centauri, maƙwabcin ranarmu mafi kusa, wanda haskensa ke ɗaukar shekara 4.2 kafin ya iso nan. Nauyinsu yana farawa daga kashi 8 cikin ɗari na nauyin rana zuwa wajen kashi 60.

Ribar neman duniya a gefensu biyu ce. Na farko, ƙaramin tauraro ya fi sauƙin girgizawa, kamar yadda yaron nan zai fi iya jan sa'ansa a kan ƙato. Na biyu, tun da wutarsa ba ta da ƙarfi, wurin da zafi yake daidai har ruwa ya zauna bai daskare ba bai kuma ƙafe ba yana dab da shi, kamar mai jin ɗumin ƙaramin murhu, dole ya matso. Kusanci yana ƙara ƙarfin ja, yana kuma gajarta shekara. Duniyar Proxima b, wadda ayarin Guillem Anglada-Escudé ya sanar a 2016, tana gama zagayenta cikin kwana 11.2, nisanta da tauraronta kashi ɗaya cikin ashirin ne na nisanmu da rana, kuma tana motsa shi da kusan mita 1.4 a sakan, tafiyar mutum mai lafiya. Wannan ya ninka na duniyarmu fiye da sau goma, kuma a shekara guda za a iya kallon zagaye talatin da wani abu.

Sai dai ga inda gizo ke saƙa. Maƙeri ya san cewa ƙarfe in ya fara ɗaukar wuta ja yake yi, sai ya koma ruwan ɗorawa, in ya kai matuƙa ya yi fari. Fuskar rana tana da zafin digiri 5,500 a ma'aunin Salshiyos, shi ya sa ƙarfin haskenta ya faɗo a tsakiyar abin da ido ke gani. Proxima bai wuce wajen digiri 2,700 ba, kuma fiye da kashi 85 cikin ɗari na abin da yake fitarwa yana can bayan ja. William Herschel ne ya fara gano wannan ɓoyayyen haske a Ingila a 1800, lokacin da ya ajiye ma'aunin zafi a gefen jan launin bakan gizo, inda ido ba ya ganin komai, sai ya ga ma'aunin yana hawa. Yau shi ne ke fita daga rimot ɗin talabijin ɗinka. Wanda ke son sauraron waɗannan taurari, musamman mafiya sanyi a cikinsu, dole ya murɗa akwatinsa zuwa zangon da suke magana a kai.

Wahalar aikin

Faɗar hakan ya fi yin sa sauƙi. Motsin mita ɗaya a sakan yana canza zangon haske da kashi ɗaya cikin miliyan 300 ne kawai. A kan idon na'ura, wannan gusawa ba ta wuce wajen kashi ɗaya cikin dubu na ɗigo guda ba, irin ɗigon da ke haɗa hoto a kyamarar waya. Kuma mai aunawar shi kansa ba a tsaye yake ba: duniyarmu tana gudun kilomita 30 a sakan a kewayen rana, tana kuma juyawa a kanta, duk sai an lissafa wannan an ɗebe shi daidai wa daida kafin a ga abin da ya rage.

A ɓangaren bayan-ja, matsaloli uku ke ƙaruwa a kan waɗannan. Ta farko iskar da muke shaƙa. Tururin ruwa da sauran iskokin sararinmu suna shanye hasken bayan-ja, suna zana nasu layukan a kan na tauraro, kamar mutum biyu sun yi rubutu a kan allo ɗaya. Shi ya sa ake kai na'urorin kan busassun duwatsu masu tsawo, irin Maunakea a tsibirin Hawai mai tsayin kusan mita 4,200. Abin da ke taimakawa shi ne, layukan iskarmu suna nan inda suke, na tauraro kuwa suna kai da komo cikin shekara saboda tafiyar duniya, don haka da lissafi da tarin awo ana iya raba su.

Ta biyu zafi. Duk abin da ke da ɗumi yana fitar da hasken bayan-ja, har da jikin na'urar kanta, kuma ɗan canjin zafi kaɗan yana sa ƙarfe da gilashi su miƙe ko su tsuke fiye da gusawar da ake nema. Saboda haka ake rufe na'urar a cikin ƙatuwar tukunyar ƙarfe da aka zuƙe iskar cikinta, a kai mata hasken tauraro ta zaren gilashi, a sanyaya ta. Na'urar HPF da ke kan madubin Hobby-Eberly mai faɗin mita 10 a jihar Teksas ta Amurka tana zaune a digiri 93 ƙasa da sifili, kuma ba a barin zafinta ya motsa da ko kashi ɗaya cikin dubu na digiri. SPIRou, wadda Faransa da Kanada suka jagoranci ƙera ta aka ɗora a Maunakea, ta fi haka sanyi, kusan digiri 200 ƙasa da sifili.

Ta uku ido da ma'auni. Idon kyamara na silikon makaho ne da zarar an wuce nanomita 1,100, dole a yi amfani da wani da aka haɗa da sinadaran zaiba da kadmiyam da teluriyam, mai tsada, wanda kuma ke da halin riƙe inuwar hoton da ya gabata. Sannan ana buƙatar tsayayyen ma'auni da za a riƙa gwada layukan tauraro da shi. Mafi inganci shi ne abin da ake kira matajin leza, wato haske mai dubban layuka jere da tazara iri ɗaya kamar haƙoran mataji, wanda aka ɗaure da agogon atam. John Hall da Theodor Hänsch sun samu Nobel a 2005 a kan aikin da ya haifar da shi. Da irin wannan mataji, HPF ta nuna a 2019 cewa tana iya auna motsin tauraron Barnard da kuskuren da bai wuce wajen mita ɗaya da rabi a sakan ba.

Wahalar ba ta tafi a banza ba. A 2022 na'urar IRD ta Japan, da ke kan madubin Subaru mai faɗin mita 8.2, ta gano Ross 508 b, mai nauyin aƙalla ninki huɗu na duniyarmu, mai zagayen kwana 10.8. A ƙarshen 2023 HPF ta fito da LHS 3154 b, duniya mai nauyin aƙalla ninki 13 na tamu, tana kewaya tauraron da nauyinsa kashi ɗaya cikin tara ne na rana, cikin kwana 3.7. Bisa lissafin da aka saba da shi, ƙurar da ke kewaye da irin wannan ɗan tauraro a ƙuruciyarsa ba ta isa ta gina ƙatuwa haka ba, don haka sai da masana suka koma kan allunansu.

Duniyoyin da suka ɓace

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauko wannan magana. Babban abokin gabar mai neman duniya shi ne tauraron kansa. Taurari suna da tabo, wurare masu duhu da ƙarfin maganaɗisu ya hana zafi tasowa, kuma jajayen wadanni da yawa sun fi ranarmu tabo nesa ba kusa ba. Tauraro yana juyawa a kansa, gefe ɗaya na fuskarsa yana tunkaro mu, ɗayan yana ja da baya. Idan tabo ya rufe wani sashe na gefen da ke tunkaro mu, sai layukan su karkata kamar tauraron yana guje mana, in tabon ya zagaya ɗaya gefen su karkata kamar yana matsowa. Na'ura za ta ga kai da komo bisa ƙayyadadden lokaci, sak irin na duniya, alhali babu kowa a wurin.

Ta yaya za a bambance? Duniya ta gaskiya tauraron baki ɗaya take ja, don haka ko da wane launi ka auna, gudun ɗaya ne. Tabo kuwa launi ya dame shi. A hasken da ido ke gani baƙi ƙirin yake idan aka gwada shi da sauran fuskar tauraro, amma a bayan-ja bambancin yana raguwa, ƙaryarsa ma sai ta ragu. Idan shaidu biyu, na hasken ido da na bayan-ja, suka faɗi lamba ɗaya, magana ta yi ƙarfi. Idan na biyu ya ce bai ga komai ba, akwai lauje cikin naɗi.

An gwada wannan a aikace. A watan Janairun 2008 mujallar Nature ta buga cewa an gano duniya mai nauyin kusan ninki goma na Jufita a gefen wani jaririn tauraro mai suna TW Hydrae, tana zagaye cikin kwana uku da rabi. Kafin shekarar ta fita, ayarin Nuria Huélamo ya auna tauraron da hasken bayan-ja daga ƙasar Chile, ya tarar kusan ba ya motsi. Tabo ne. A 2018 wasu masana suka kawo shawarar cewa jan wadan tauraro AD Leonis, mai nisan shekarar haske 16, yana da duniya mai zagayen kwana 2.23, wanda ya yi daidai da tsawon lokacin da tauraron ke juyawa a kansa. Na'urorin hasken ido sun yi shekaru suna ganin alamar. Ayari bayan ayari suka bi diddigi da bayan-ja, har zuwa 2023 da awon SPIRou ya nuna alamar ba ta nan a wancan zangon.

Labarin tauraron Barnard ya fi kowanne darasi. Shekarar haske shida ce tsakaninmu da shi. A 1963 Peter van de Kamp, bayan ya shafe shekaru yana ɗaukar hotunansa a Amurka, ya ce ya ga alamar duniya. A 1973 aka nuna cewa gyare-gyaren da aka yi wa madubinsa ne suka haifar da alamar. A 2018 wani babban ayari ya haɗa awo 771 daga na'urori bakwai, na tsawon shekara ashirin, ya sanar da duniya mai zagayen kwana 233. A 2021 sabon awo daga HPF ya nuna cewa juyawar tauraron a kansa, mai ɗaukar kimanin kwana 145, ita ce ta haɗu da giɓin watannin da ba a iya ganin sa a kowace shekara, suka haifi lambar 233. Sai a watan Oktoban 2024 na'urar ESPRESSO da ke Chile ta gano wata 'yar ƙaramar duniya mai zagayen kwana 3.15, wadda ba ta kai rabin nauyin tamu ba, kuma a watan Maris na 2025 wata na'ura dabam, MAROON-X da ke Hawai, ta tabbatar da ita tare da wasu uku. Shekara sittin da biyu ke nan daga iƙirarin farko zuwa magana mai shaidu biyu. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, sai dai a daɗe ba a je ba.

Abin da masu suka ke faɗa

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Akwai masu cewa an yi wa bayan-ja kirarin da ya fi ƙarfinsa, kuma suna da hujja. Proxima b da hasken ido aka gano ta. Su ma duniyoyin Barnard na gaskiya, ESPRESSO da MAROON-X ne suka fito da su, na'urorin da ke aiki da hasken ido da ɗan abin da ya gota ja, kuma suna auna motsin da bai kai rabin mita a sakan ba, inda na bayan-ja ke fama a mita ɗaya zuwa biyu. Na'urar CARMENES ta Sifaniya da Jamus, wadda ta fara aiki a Calar Alto a 2016 da idanu biyu, ɗaya na hasken ido ɗaya na bayan-ja, ta nuna a 2018 cewa ga yawancin jajayen wadanni zangon da ya fi ba da awo mai kyau yana tsakanin nanomita 700 zuwa 900, wato bakin iyakar ja, saboda nan layukan suka fi yawa da kaifi. Sai a taurari mafiya sanyi ne zurfin bayan-ja ke yin galaba. Bugu da ƙari, shi ma wannan shaida yana da nasa rauni: ƙarfin maganaɗisu yana tsaga layukan haske, abin da Pieter Zeeman na Holan ya gano a 1896, kuma tsagar tana ƙaruwa ne yadda zango ke ƙara tsawo.

Na yarda da duk wannan, amma bai taɓa hujjata ba. Ba a neman shaida na biyu don ya fi na farko kaifin ido, ana neman sa ne don yana tsaye a wani wuri dabam, abin da ya ruɗi wancan ba lalle ya ruɗe shi ba. Masu ƙera na'urori ma sun fahimci haka. A 2023 aka fara aiki da NIRPS, na'urar bayan-ja da masana daga Kanada da Siwizalan suka jagoranta, a kan madubi ɗaya da tsohuwar HARPS a La Silla ta Chile, domin su biyun su riƙa kallon tauraro ɗaya a lokaci ɗaya. Ita kuwa SPIRou ta mayar da raunin nan na maganaɗisu abin amfani, tana auna shi tana zana taswirar maganaɗisun tauraro, ta yadda za a san lokacin da yake cikin tashin hankali.

Abin da ke kan faifai ba ƙarami ba ne. Madubin James Webb, wanda aka harba ranar 25 ga Disambar 2021 bayan ya lashe kusan dala biliyan 10, daga cikin waɗannan jerin sunaye ake zaɓar duniyoyin da zai leƙa sararinsu, kuma masu neman lokacinsa sun ninka abin da yake da shi sau da yawa. Haka nan, duniyar da aka gano ta hanyar gilmawarta a gaban tauraronta, girmanta kawai aka sani. Sai an auna rangajin tauraron kafin a san nauyinta, sai an haɗa girma da nauyi kafin a ce dutse ce ko ruwa ko iska. Kuskuren awo a nan yana nufin an gina bene a kan yashi.

Abin da ya rage wa mai karatu

Ko da an tabbatar da duniya, kalmar "mai kama da tamu" tana buƙatar taka-tsantsan. Awon rangaji mafi ƙarancin nauyi kawai yake bayarwa, domin sau da yawa ba a san yadda da'irar ta karkata ba. Duniyar da ke dab da tauraronta akwai yiwuwar fuska ɗaya take ba shi har abada, kamar yadda wata ke yi mana, gefe guda rana ba ta faɗuwa, ɗayan kuma gari ba ya wayewa. Jajayen wadanni kuma masu zafin rai ne: ranar 1 ga Mayun 2019 Proxima ya yi aman wutar da, na 'yan sakanni, ta ninka haskensa mai ƙuna na ultrabayolet sau 14,000. A 2023 James Webb ya duba biyu na ciki daga duniyoyi bakwai na tauraron TRAPPIST-1, mai nisan shekarar haske 40, bai ga alamar iska mai kauri a kansu ba. Girma daidai da tazara daidai matakin farko ne kawai.

Don haka idan irin wannan labari ya sake zuwa wayarka, ina ba ka shawarar tambayoyi uku. Ta wace hanya aka gano ta, gilmawa ko rangaji ko duka biyun? Akwai wata na'ura dabam, a hannun wani ayari dabam, mai aiki da wani zango dabam, da ta ga abin da ta farko ta gani? Tsawon zagayen da aka ambata ya yi kama da lokacin juyawar tauraron a kansa? Labarin da ya amsa waɗannan ya cancanci ka yaɗa shi. Wanda bai amsa ba, ajiye shi tukuna.

Ga ɗalibanmu na fiziya da lissafi da injiniyanci kuwa, ina so su lura da waɗanda suka yi wannan aiki. Yawancinsu ba masu kwana kallon sama ba ne. Wani rayuwarsa ta tafi a kan hana tukunyar ƙarfe canza zafi, wata a kan lissafin tururin ruwa, wani a kan manhajar da ke tace awo, kuma cibiyoyi da dama suna sakin bayanansu a intanet kyauta ga duk mai kwamfuta da haƙuri. Su ne kuma suke komawa su binciki sakamakon abokan aikinsu, su buga a fili cewa duniyar da aka yi wa biki babu ita, a karɓa ba tare da an ɗauke su maƙiya ba. Wasu kan kalli wannan su ce ai ga shi masana ba su san abin da suke yi ba. Ni kuwa shi ne dalilin da ya sa idan suka ce tauraron Barnard yana da duniyoyi huɗu a yau, nake ɗaukar maganar da nauyi fiye da ta 1963.

Mu haɗu a mako mai zuwa.